Kararar da Na Bari a Gonar Baba

Tun ranar da na dawo ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci, a kasuwar Tsanyawa, har a wajen zaman makoki sai wani ya matso kusa da kunnena ya ce, "Malam Garba, wai da gaske ne an ɗaure ka a ƙasar Faransa?" To ku ji da kyau: ba a ɗaure ni ba, ba a dake ni ba, ban kuma je neman zinariya ba. Bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na rubuta sau ɗaya a karanta muku a majalisa, wanda ya yarda ya yarda. Ni yanzu ba ni da lokacin zaman majalisa, dalilin kuwa za ku ji shi in kun yi haƙuri.

Kun san yadda shekarun nan suka zo mana. Buhun taki ya zama abin da talaka ke kallo a shago ya wuce. Dabbobin da suke ba mu takin gida yawanci an kai su kasuwa an sayo hatsi. A gidana abin da ke sa miya a tukunya shi ne awarar da matata Rabi take soyawa, waken suyan kuma ni nake noma mata a gefen gabas na gonar Baba. Damina biyu a jere waken ya ƙi. Da an kwana huɗu ba ruwa sai ƙasar ta ƙame kamar daɓe, fure ya zube, ka tuge tushe guda ka ƙirga kwansonsa da yatsun hannu ɗaya. In kuwa Rabi ta koma sayen wake a kasuwa, hayaƙi kawai za ta riƙa sha a banza.

Ana cikin haka wani malamin gona ya biyo ta garinmu a babur, ya ba ni irin karara cikin kwano. Na ja da baya, don na san karara, wadda in ta taɓa mutum sai ya yi susa har ya fita hayyacinsa. Ya ce wannan ba mai ƙaiƙayi ba ce. Ya ce bana in sa dawa a wurin, in ta kai gwiwa in shuka karara a tsakani, baɗi in mayar da waken suya, zan ga bambanci. "Sauran bayani sai na dawo," in ji shi. Har yau bai dawo ba. An ce man babur ne ya gagare shi, ban ga laifinsa ba, amma ya bar ni da rabin karatu.

Da na kai wa Baba maganar ya saurare ni har na gama, sannan ya yanke hukunci. "Bana yi dawarka da wannan abin. Baɗi ka sa waken. Damina ɗaya na ba ka, Garba. In bai yi ba a mayar da wurin gero, kowa ya huta."

Karara ta fito kamar an aiko ta. Ta rufe ƙasa ruf, ta fara hawan dawa, kullum ina saukar da ita tana komawa. Kun san garinmu, ko taku ɗaya na ƙasa ba ya zaman banza, gonar mutumin kirki kuma ana gane ta ne da tsafta. Masu wucewa suka fara ce mini sannu da jeji. Baba ya dogara sandarsa ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce, "Garba, macizai ka fara kiwo a gonar ubana?" Abin da ya fi damuna shi ne ni kaina ban san abin da ake yi da ita bayan ta rufe ƙasar ba. A yanke? A binne da garma? A ƙone? Babu wanda zan tambaya.

Sai wan Rabi, Sale, wanda ya shekara tara yana sayen waken suya a Kandi ta ƙasar Binin, ya ce a waya mutanen can suna yin irin wannan noman, in zo in gani da idona. Zuwa da kai ya fi aike. Rabi ta sayar da tunkiyarta guda da ta rage, ta ce in je. Ni kuma saboda tsabar wayo na ɗebi ƙasar gefen gabas kamar rabin kwano na ƙulle a leda, wai in nuna wa manoman can su ga irin ciwon da ke damunta. Da zan fita na durƙusa gaban Baba na ce, "Don Allah kada a taɓa kararar nan sai na dawo. Kwana bakwai ne."

"Wa zai taɓa?" in ji shi. "Ko akuya tsoronta take ji."

Daga Tsanyawa zuwa Kano ba labari. Daga Kano zuwa Sakkwato muka shiga mota mu huɗu a kujerar mutum uku, ƙafata ɗaya a kan buhun daddawar wata Hajiya, ɗayar ban san inda take ba sai da muka sauka. Akwai wani yanki na hanyar da hira ta mutu saboda tsoron masu tare hanya, sai motsin leɓe, har muka wuce. Na kwana a rumfar tasha, washegari na kama wata motar da za ta kai mu bakin iyaka ta hanyar Jega.

Wannan direban ba zan manta shi ba. A bayan motarsa an rubuta Sai Haƙuri, sunan da ake kiransa da shi ke nan, kuma wallahi an yi masa adalci. Duk gangaren da muka zo sai ya kashe inji don tattalin mai, motar ta gangara da ikon Allah. In ta kai ƙasa ta ƙi tashi, sai ya waiwayo ya ce, "Ku sauka ku tura, wagga mota ba ta son gardama." Sau biyar muka tura. A na huɗu na ce masa, "Malam, mu ne muka ɗauko ka ko kai ka ɗauko mu?" Ya dube ni ta madubi ya ce, "Kai Bakano na ko? Ai na ji." Mutanen motar suka yi ta dariya, wai Bakano ko turin mota sai ya yi ciniki. A hanyar nan shinkafa suka ɗura mana safe da rana, da busasshen kifi mai ƙaya kamar allura. Tuwon dawa kuwa ko ƙanshinsa ban ji ba. Muka haye Kwara ta gada, na kalli ruwan da ke tafiya a banza, na tuna wakena da ke zubar da fure saboda rashin ruwan kwana huɗu, raina ya ɓaci ba tare da kowa ya yi mini komai ba.

A bakin iyaka ɓangarenmu na nuna katina aka ce in wuce. A ɓangarensu wani mai kaki, saurayi mai ladabi, ya ce in buɗe jaka. Ya ɗaga riguna, ya ɗaga ƙullin ƙuli-ƙulin da Rabi ta ba ni, sai ga leda. Yana jin Hausa kaɗan-kaɗan.

"Wannan mene ne?"

"Ƙasa ce."

"Na gani ƙasa. Ƙasa na mene?"

"Ta gonar Baba ce."

Ya dube ni, ya dubi ledar, ya kira ɗan'uwansa. Ashe a yankin nan masu haƙar zinariya haka suke yawo da ƙasa a buhu. Na yi rantsuwa, na yi bayanin waken suya, na yi bayanin awara har da kwatanta yadda ake tace ta. Suka ce sai babbansu ya gani. Babban kuwa ya tafi hutun rana, don su can da rana ta take sai a rufe ofis, kowa ya je gida ya ci abinci ya miƙe ƙafa har wajen la'asar. Mu nan in ma'aikaci ya gudu daga ofis ɓoyewa yake yi, su kuwa doka ce ta ba su.

Ana shiga da ni ofishin, mai kaki ɗaya a gaba da ledata ɗaya a baya, sai ga Mamman Dogo na garinmu, mai fataucin albasa, a bayan babur zai koma gida. Na ɗaga masa hannu don ya gaya wa mutanen gida ina lafiya. Shi kuwa ya ɗora hannu biyu a ka, babur ya wuce da shi. Ku riƙe wannan, don duk abin da ya same ni daga baya daga nan ya taso.

Da la'asar babban ya zo, wani dattijo mai furfura a gemu. Ya zuba ƙasar a tafin hannunsa, ya ɗiga mata ruwa, ya murza, ya sansana. Sai ya fashe da dariya ya yi wata doguwar magana da Faransanci. Na ce wa saurayin me ya ce. Ya ce, "Wai shi ɗan manomi ne. Wai wannan ƙasa ko tsutsa ba ta zama ciki, balle zinariya." Aka ƙulle mini ledata aka ba ni haƙuri. Na fito an wanke ni daga zargi, an kuma zagi ƙasar ubana da Faransanci, ga motar Kandi ta riga ta tashi. Na kwana a rumfar wani mai shayi. Wayata tun daga nan ta zama madubi, layinmu ba ya aiki a can.

Kandi gari ne na auduga da babura. Sale ya sauke ni a ɗakinsa, wanda rabinsa buhunan wake ne, na shimfiɗa tabarma a tsakaninsu. Da wayarsa na kira Rabi na ce na iso lafiya. Ta ce Mamman Dogo ya riga ya baza gari cewa an kama ni da ƙunshin zinariya. Na ce ta gaya wa kowa ƙarya ce. Ta gaya musu. Suka ce ai dole ta faɗi haka, Rabi mace ce mai rufin asiri.

Abin mamaki a garin nan ba ya ƙirguwa. Mata suna tuƙa babur da goyo a baya, ba wanda ya waiwaya. Burodi dogo kamar taɓarya ake ɗauka a hammata ba ko takarda. Gaisuwa kuwa, in yaro ya haɗu da babba sai ya tsuguna, babban ya ɗan rusuna, su yi ta amsa wa juna har in ce ko sun manta inda za su. Na ɗauka mu Kanawa muka iya doguwar gaisuwa, na sallama. Abinci sakwara ce da miyar gyaɗa tsararo, sai wani cukun Fulani da suke rina bayansa ja da karan dafi. Awara ma suna yi, amma a miya suke jefa ta a maimakon nama, ba yaji ba kabeji. Na ci na ce a raina Rabi ta fi su hannu.

Kwana uku Sale yana ce mini gobe. Kullum da akwai motar da za a loda. A rana ta huɗu na tsaya a ƙofar ɗaki da jakata na ce, "Yaya Sale, tunkiyar ƙanwarka ce ta kawo ni nan, ba yawon buɗe ido ba." Sai ga babur ya samu.

Ya kai ni wani ƙauye wajen wani manomi ɗan ƙasar mai suna Sabi, gajere, mai Hausar kasuwa da ba ta da ado amma tana kai saƙo. Lokacin wakensu ya fara rawaya, saura kaɗan girbi. Gonarsa da ta ƙanensa suna jingine da juna, iri ɗaya suka shuka, rana ɗaya. Ta ƙanen tas take kamar tamu, kunyoyi a jere. Ta Sabi kuwa ba kunyoyi, ƙarƙashin waken duk ruɓaɓɓen ganye ne da guntayen karan masara.

Bai yi mini wa'azi ba. Ya tuge tushe ɗaya a nan, ɗaya a can, ya miƙo mini. Na ƙanen ba laifi, ya fi nawa nesa. Na Sabi kuwa kwanso tun daga ƙasa har sama, sai da na ji nauyinsa a hannu, saiwar duk ƙulle-ƙulle. Sannan ya ce in tsuguna in taɓa ƙasar ƙanen. Rana ta take, ƙasar da zafi. Ya ce in cusa hannu ƙarƙashin ganyen tasa gonar. Na cusa, na ji sanyi da laima, alhali an fi kwana goma rabonsu da ruwa.

"Bara masara da karara," in ji shi. "Bana wake. Farko nawa yana fitowa a hankali, na ƙanena ya wuce shi, yana mini dariya. Sai ruwa ya tsaya lokacin fure. Nasa ya zubar, nawa ya riƙe. Shi noma uku, ni noma ɗaya, ciyawa ba ta samun rana. Wake yana da abincinsa a saiwa. Abin da yake so, ƙasa kada ta yi zafi, kada ta bushe."

Na ce, "Madalla. To abin da ya kawo ni: in kararar ta rufe gona, me kake yi mata?"

"Ba komai."

"Ba komai kamar yaya? Yanka ta kake ko binnewa?"

"Ba komai. Ka bar ta. Ta mutu a wurin, ta kwanta a wurin, har ruwa ya dawo. Ka buɗe layi da hannu, ka shuka. In ta yi kauri ƙwarai ka rage a bakin rami, don tsiro ya ga rana."

Na kwance ledata na nuna masa. Ya murza, ya tambaye ni wata nawa gonarmu take zama ba komai a kanta. Na ce bakwai. Ya ce ganyen wake fa? Na ce harawa ce, a kan rufi muke ɗora ta. Kara fa? Na ce danga da girki. Tushiya fa? Na ce ita ma tonewa muke mu hura wuta. Sai ya ce, "To me kuke bar wa gonar?"

Na ji haushi, na kare garinmu. Na ce mu ba mu da daji irin nasu, mutum a kan mutum muke. Harawar nan dabbobi ke ci, su ba mu taki, mu kai gona a mangala, haka kakanninmu suka riƙe ƙasar nan ba ta taɓa hutawa ba kuma ba ta mutu ba. Ya ce to yanzu dabbobin suna ina? Ya ƙara da cewa ba sai karara ba, in muna da wake mai yaɗo shi ma zai yi, muddin za a bar shi a ƙasa. Wato kanannado da muke shukawa tun ina yaro. Kwana uku a hanya, turin mota sau biyar, zaman benci a bakin iyaka, duk don a ce mini in bar abu inda yake.

Ya nuna mini shingen bini-da-zugu da ya kewaye gonar saboda dabbobi, da inda yake share gefe saboda gobara. Da za mu rabu ya faɗi maganar da ta fi damuna. "Shekara ta farko kaɗan za ka gani. Irin ƙasarka sai uku." Ni kuwa damina ɗaya Baba ya ba ni.

Na yi niyyar juyowa washegari, sai zazzaɓi ya kayar da ni tsakanin buhunan Sale. Kwana tara ina kwance, ana ɗura mini kunu da magani. Duk sanda na samu ƙarfin magana sai in kira Rabi in ce kararar fa? Ta ce tana nan, ita dai ba zuwa gona take ba, amma ba ta ji an ce komai ba. Kwana bakwai suka zama ashirin. A garinmu kuwa magana ta tabbata: wanda aka ce yana lafiya ai da ya dawo. Hanyar dawowa ba zan ba ku labarinta ba, sai dai in ce na sake faɗawa hannun Sai Haƙuri, ya kuma gane ni.

Na sauka a bakin titi da hantsi, na doshi gida ina ta tsara yadda zan kewaye gefen gabas da ƙaya kafin a saki dabbobi. Tun daga nesa na hango rufin ɗakina ya yi tozo. Na ce a raina ban bar harawa haka ba. Da na matso na gane ganyen: kararata ce.

Maƙwabcina Malam Idi ne ya fara fitowa, ya rungume ni har da hawaye. "Alhamdu lillahi! Allah ya kuɓutar da kai! Kada ka ce komai, mun san ba a son tone-tone. Gonarka kuwa kwantar da hankalinka. Shekaranjiya muka yi maka gayya, muka yanke dawar muka ɗaure. Jejin nan ma da ya fi ƙarfinka mun tuge shi, mun share wurin tas. Ka ga harawa! Ashe dabbobi suna cinta."

Jama'a, ku gaya mini abin da mutum zai ce. Mutanen nan sun bar nasu aikin a shekarar da kowa ke fama da kansa. Ko abincin gayya ba su nema ba, kowa da furarsa ya zo, don sun san halin da gidan ke ciki. Rabi da ta rasa abin godiya sai ta ba kowa dami ɗaya na kararar ya kai wa akuyarsa. Na ji kamar in kwanta a ƙasa in yi birgima. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci." Ban taɓa yin addu'ar da ta yi mini ɗaci a baki irin wannan ba.

Na shiga gida na tambayi Baba. Rabi ta ce, "Yana gona. Tun ranar can yake wuni. An ce har faɗa ya yi da mutane."

Na ajiye jaka na fita ko ruwa ban sha ba. Gonar ta zama fili fetal, sai sawun tsintsiyar kara. Can ƙarshen gabas na hango malafa. Baba ne zaune a kan buzu, sandarsa a kan cinya, a bayansa kunyoyi bakwai suna nan lulluɓe da karara ba a taɓa su ba. Daga baya Idi ya ba ni labari. Ba su gaya wa Baba za su yi gayyar ba, don kada su tayar masa da hankali. Sai da rana ta ɗaga ya ji, ya taho da ƙafar nan tasa mai ciwo, ya tarar saura kaɗan su gama. Bai yi musu doguwar magana ba, ya shimfiɗa buzunsa a gaban laujen Idi ya zauna.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Ka rame. Sun ba ka abinci a gidan yarin?"

"Baba, ba a ɗaure ni ba."

"Na sani. Wa zai ɗaure mai yawo da ƙasa a leda? Sai dai a kai shi asibiti." Ya nuna bayansa da haɓa. "Ga abin da na samu. Ka ce a bari sai ka dawo. To ka dawo."

Mutumin da ya ce macizai nake kiwo, shi ne ya kwana biyu yana wuni a rana yana gadin su.

Washegari na ari jakin Idi na fara sauke abin da ya rage a rufi ina mayarwa gona. Ku da kuka tsaya a bakin hanya kuna kallona, na ji abin da kuka ce. Na ji wanda ya ce a shekara irin wannan mai hankali ba ya kai harawa gona ya zubar, na ji wanda ya ce zaman kurkuku ne ya taɓa ni. Na yafe. Abin da aka mayar ya rufe kunyoyi biyar, na danne da kara don kada iska ta kwashe. Muka kewaye duka goma sha biyun da ƙaya. Ranar Juma'ar da ta wuce mai unguwa ya sa aka yi shelar sakin dabbobi, tun daga ranar duk akuyar garin nan ta san akwai abinci a gefen gabas. Ƙaya ba ta hana akuya mai yunwa. Shi ya sa ba ku ganina: Baba yana gadin safe, ni ina karɓarsa daga azahar, haka kuma za mu yi har ruwa ya sauka.

Maganar Sabi ta shekara uku kuwa na kasa gaya wa Baba. Kullum in na zo karɓarsa sai in shirya ta a baki, in haɗiye. Rabi ma ta daina tambaya, na ga dai ta wanke babban kaskon suyarta ta kife a bayan ɗaki, wata maƙwabciya har ta fara taya shi.

Jiya na zo da azahar na tarar ba ya kan buzu. Yana tsugune a cikin shingen, hannunsa cuse ƙarƙashin busasshen ganye har wuyan hannu. Bai ji zuwana ba sai da na yi sallama. Bai cire hannun ba.

"Da sanyi," in ji shi. "Rabona da in ji ƙasar nan da sanyi a wannan watan tun ina yaro, lokacin akwai kurmi a nan gefen." Ya ɗago kai ya dube ni. "Mutumin naka na can, shekara nawa ya ce?"

Na ce, "Uku, Baba."

Ya zare hannunsa, ya kalli ƙasar da ta manne a yatsunsa, ya miƙo mini ɗayan hannun in tashe shi.

"Abin da ya shekara arba'in yana mutuwa ba ya tashi a damina ɗaya," in ji shi. "Ka gaya wa Rabi kada ta sayar da kaskon nan."